Linux ba ya kunna bidiyo? Ga inda matsalar take da yadda ake girka VLC

Abin yakan faru ne tun daren farko. Mutum ya karɓo kwamfutarsa daga wurin mai gyara, an sauke masa tsohuwar Windows da ta gaji, an ɗora masa Linux. Na'urar ta yi sauƙi, tana tashi da wuri, intanet na tafiya lafiya. Sai ya soka kilen USB, ya danna bidiyon bikin ƙanwarsa ko wani fim da aka tura masa a kasuwa. Allo ya yi baƙi ƙirin. Wani lokaci murya ce za ta fito babu hoto, wani lokaci kuma wata ƴar sanarwa ce za ta bayyana da Faransanci tana neman wani abu da bai taɓa jin sunansa ba. Washegari ya koma wurin mai gyara ya riga ya yanke hukunci: wannan abu ba ya kunna fim, a mayar masa da abin da ya saba.

Hukuncin ya yi gaggawa, domin abin da ya rage bai wuce aikin ƴan mintoci ba. Kuma komawa bayan ba ta da sauƙi kamar da. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista ta musamman. Ita kuwa Windows 11 tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel tana neman ƙwaƙwalwa daga zubi na 8 zuwa sama, wato na 2017 da bayanta. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na biyu da ake sayarwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun girmi wannan sharaɗi, alhali lafiyarsu ƙalau. Ga mai irin wannan na'ura, Linux ce hanyar da za ta ci gaba da samun gyaran tsaro ba tare da ya sayi sabuwa ba. Asara ce a bar wannan hanya saboda bidiyo ɗaya ya ƙi buɗewa.

Mazubi daban, abin da ke ciki daban

Sunan da ke ƙarshen fayil, kamar MP4, MKV ko AVI, sunan mazubi ne kawai. Kamar ƙwarya ce: ganin ta a rufe da faifai bai nuna ko fura ce a ciki ko nono. A cikin mazubin akwai hoto da aka matse ta wata hanya, akwai sauti da aka matse ta wata hanyar dabam, wani lokaci har da rubutun fassara. Dole ne a matse su, don in ba haka ba fim ɗaya zai cika kile ya yi saura. Ƙa'idar da ake bi a matse a kuma warware ita ake kira kodek. Mafi yawan bidiyon da ke yawo a WhatsApp an matse hotonsu da H.264, wanda ya fito a 2003, sautinsu kuma da AAC. Sabbin wayoyi da yawa suna ɗauka da H.265, wanda aka fi sani da HEVC, na 2013. Akwai kuma VP9 da AV1 da ake yawan samu a YouTube.

Idan murya ta fito babu hoto, ma'anarsa kwamfutar ta san kodek ɗin sautin, ba ta san na hoton ba. Shi ke nan. Fayil ɗin bai lalace ba, na'urar ma ba ta da ciwo.

To me ya hana masu Linux su zuba duka kodek ɗin tun farko? Maganar doka ce da kuɗi. H.264 da HEVC suna ƙarƙashin takardun mallakar fasaha na kamfanoni da dama, kuma a ƙasashe irin su Amurka, wanda ya rarraba su yana iya fuskantar neman diyya. Kamfanin da ke sayar da babbar manhajarsa yakan biya, ya cusa kuɗin cikin farashi. Wanda ke rabawa kyauta ga duk duniya kuwa yakan yi taka-tsantsan, ya bar su a gefe, ya ce mai so ya ɗauko da hannunsa. Shi ya sa lokacin girka Ubuntu ko Linux Mint ake samun wani ɗan akwati da ke tambaya ko a ƙara kodek. Mai gyara da ke sauri, ko wanda ba shi da intanet a lokacin, yakan tsallake shi. Ƙari a kan haka, a Ubuntu 24.04 zaɓin da ke zuwa da kansa na taƙaitaccen girki ne, mai ɗauke da manhajar shiga intanet da ƴan kayan aiki, don haka ana iya gama girki a tarar babu manhajar kallon bidiyo kwata-kwata.

Hular nan mai ruwan lemo

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a Nijar ya san alamar nan mai kama da doguwar hula, ruwan lemo da fari, irin wadda ake jerawa a hanya idan ana aiki. VLC ke nan, kuma mutane da yawa suna ɗauka kayan Windows ne. Asalinsa aikin ɗalibai ne a makarantar injiniyoyi ta École Centrale ta birnin Paris, waɗanda suka soma shi a 1996 don su riƙa watsa bidiyo ta layukan sadarwar makarantarsu. A watan Fabrairun 2001 aka sake shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya bai wa kowa damar amfani da shi, duba yadda aka rubuta shi, gyara shi da rarraba shi. Alamar ma daga ɗaliban ta samo asali, don sun shahara da tara waɗannan huluna na kan hanya. Tun 2009 wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, VideoLAN, ke riƙe da aikin, ƙarƙashin jagorancin Jean-Baptiste Kempf. A watan Janairun 2025 ƙungiyar ta sanar cewa an sauke manhajar fiye da sau biliyan 6. Har yau babu talla a cikinta, babu kuɗin wata.

Abin da ya sa VLC ke magance matsalar da aka fara da ita shi ne yana tafe da guzurinsa. Ba ya jiran kodek ɗin da babbar manhaja ta tanada. Idan aka girka shi, yana jawo nasa, akasarinsu daga wani babban aiki da ake kira FFmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya assasa a 2000. Ita VideoLAN tana zaune ne a Faransa, kuma matsayinta shi ne dokar can ba ta amince da mallakar manhaja ta irin wannan takarda ba.

Hanyar girkawa

Linux ba guda ɗaya ba ce, zubi-zubi ce. Waɗanda aka fi cin karo da su a nan su ne Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, da Linux Mint da aka gina a kanta, da kuma uwarsu Debian, wadda ta faro tun 1993. Akwai ma Emmabuntüs, da wasu ƴan sa-kai a Faransa suka tsara kan Debian musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, wadda aka yi amfani da ita a ɗakunan kwamfuta na makarantu a Togo. Dukkansu hanya ɗaya suke bi.

Kuskuren farko da za a kauce wa shi ne na fayil mai ƙarewa da .exe. Kusan kowane mai gyara yana da VLC a kilensa, amma na Windows ne, kuma ko an danna shi sau ɗari ba zai girku a Linux ba. Nan tsarin dabam yake. Kowane zubi yana da rumbunsa a intanet, inda aka ajiye dubban manhajoji da aka tantance aka sa musu hatimi. Ba a yawon shafuka ana neman maɓallin saukewa. Daga rumbu ake ɗauka. Wannan kaɗai ya rufe ƙofar da jabun manhajoji ke shigowa ta cikinta.

Mai son linzami sai ya buɗe shagon manhajoji, wato Centre d'applications a Ubuntu ko Logithèque a Mint, ya rubuta VLC, ya danna girkawa. Amma hanyar rubuta umarni ta fi gajarta, kuma ta fi nuna wa mutum abin da ke gudana. A Ubuntu da Mint ana danna Ctrl da Alt da T tare, sai Terminal ya buɗe, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni. A rubuta wannan, a danna Entrée:

sudo apt update

Kalmar sudo na nufin ana magana da izinin mai gida, don haka za a nemi kalmar sirri. A nan mutane da yawa ke ruɗewa: yayin da ake rubuta ta, a Debian da yawancin zubin Ubuntu babu abin da ke bayyana, ko ɗigo. Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara. A rubuta a danna Entrée kawai. Idan aka ce ba daidai ba ce alhali an tabbata, a duba allon madannai. Kwamfutocin da suka shigo ta Najeriya galibi tsarin QWERTY gare su, waɗanda suka fito daga Faransa ko Beljiyam kuma AZERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, lambobi kuma sai an haɗa da Maj. Idan tsarin da aka zaɓa wa Linux ya saɓa da abin da ke rubuce a kan madannan, mutum zai yi ta rubuta abin da bai yi niyya ba, ga shi kuma ba ya gani.

Wannan umarni na farko ba ya girka komai, jerin kayan da ke rumbu kawai yake sabuntawa. Na biyu ne ke aikin:

sudo apt install vlc

Kafin ta sauke ko da mega ɗaya, kwamfutar za ta jero duk ƴan rakiyar da VLC ke buƙata, ta faɗi nauyinsu, sannan ta nemi amincewa. A na'urar da ke magana da Faransanci ana danna O, a mai Turanci Y. Ga wanda ke sayen forfe da lissafi, wannan layi ya cancanci a tsaya a karanta shi. A Debian, idan aka ce mutum ba ya cikin masu izinin sudo, sai ya rubuta su - tukuna, ya ba da kalmar sirrin mai gida, sannan ya maimaita umarnin ba tare da sudo ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da za a ji ana ambata, Snap da Flatpak. Su suna kawo manhajar ne a ƙunshe da duk kayanta, a killace daga sauran na'urar. Suna da amfaninsu, amma ga mai ƙaramin forfe sun fi tsada. Flatpak, a karon farko, yakan jawo wani babban tushe da ke kai ɗaruruwan mega. Snap kuma yana sabunta kansa ba tare da ya tambaya ba, yana leƙa rumbunsa sau huɗu a yini. Shagon Ubuntu yakan gabatar da Snap a gaba, don haka wanda ya bi ta linzami ya duba da kyau wanne yake ɗauka; Mint kuwa ta toshe Snap tun 2020, tana ba da zaɓi tsakanin na rumbu da Flatpak. A halin da ake ciki a nan, na rumbu ta hanyar apt ya fi dacewa. Bambancin sabunta ba shi da yawa, tunda duka suna cikin jerin 3.0 da ya fito tun Fabrairun 2018 ake ta yi masa gyare-gyare.

Wanda ke son sauran manhajoji ma su samu kodek, ba VLC kaɗai ba, sai ya ƙara ubuntu-restricted-extras a Ubuntu, ko mint-meta-codecs a Mint, da irin wannan umarni. Na Ubuntu yakan tsaya a tsakiya ya nuna wata takardar yarjejeniya ta haruffan Microsoft, linzami kuma ba ya aiki a wurin. Da madannin Tab ake kaiwa ga amincewa, sannan Entrée. Masu Fedora nasu umarnin sudo dnf install vlc ne, amma da yake kamfanin da ke bayanta, Red Hat, na Amurka ne, wasu kodek sai an haɗa da wani rumbu na gefe mai suna RPM Fusion.

Idan abin ya cije

Saƙon «Impossible de trouver le paquet vlc» yawanci na nufin an tsallake umarnin farko, ko kuma ɓangaren rumbun Ubuntu da ake kira universe a rufe yake. Ana buɗe shi da sudo add-apt-repository universe, a sake gwadawa. Saƙon da ke maganar «verrou» kuwa na nufin wani aikin girki ko sabuntawa na gudana a bayan fage. Maganinsa haƙuri na ƴan mintoci. Kada a bi shawarar masu cewa a goge fayil ɗin kullen da ƙarfi, don ta nan ake ɓata tsarin.

Sai kuma wanda ya fi shafar mutanen nan: a ɗauke wuta ana tsakiyar girki, ga batir ya daɗe da mutuwa. Idan ana cikin saukewa ne, babu damuwa, apt zai ci gaba daga abin da ya riga ya samu. Idan kuwa an shiga kwance kaya ne, aiki zai tsaya rabi-rabi, kuma duk wani girki na gaba zai ƙi. Umarni biyu ke gyara shi, ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt --fix-broken install

Inda babu intanet

Mai gyara da zai shirya kwamfuta goma, ko malamin lakwal da aka kawo wa na'urori a garin da reso ke wahala, ba dole ne ya biya kuɗin saukewa sau goma ba. Sharaɗin shi ne na'urorin su zama zubi ɗaya, lamba ɗaya, kuma mafi kyau a ce dukkansu sabon girki ne. A kan guda ɗaya da ke da intanet, wadda ba a riga an sa mata VLC ba, sai a share ma'ajiyar wucin gadi da sudo apt clean, a sabunta jerin rumbu, sannan a rubuta:

sudo apt install --download-only vlc

Wannan zai sauke kayan ya ajiye su a dosiyen /var/cache/apt/archives ba tare da ya girka ba. A kwafe duk fayilolin da ke ƙarewa da .deb zuwa kile. A ɗaya na'urar, a zuba su cikin dosiye guda, a buɗe Terminal a cikinsa, a rubuta sudo dpkg -i *.deb. Dalilin sharaɗin nan na sama shi ne apt yana sauke abin da na'urar farko ta rasa ne kawai. Idan ita tana da wani ɗan rakiya tun da, ba za ta sauke shi ba, ta biyun kuma za ta tsaya tana neman sa.

Buɗewar farko

Karon farko da VLC ya tashi, yakan tambaya ko a ba shi izinin shiga intanet don neman hotunan faifai da sunayen waƙoƙi. Ana iya cire alamar, babu abin da zai ragu a kallo. Don ya zama shi ke buɗe bidiyo kullum, sai a danna fayil da ɓangaren dama na linzami, a shiga «Ouvrir avec», a zaɓe shi a matsayin na dindindin. Kuma kada a kira shi da sudo. An tsara shi ya ƙi tashi da izinin mai gida, don kada gurɓataccen fayil ya samu iko da na'urar baki ɗaya.

Akwai ƴan madannai da suka cancanci a haddace. Dogon madanni na ƙasa yana tsayarwa yana ci gaba, F yana cika allo. Idan baki ya riga murya ko murya ta riga baki, abin da ya zama ruwan dare a finafinan Indiya da aka ɗora wa Hausa, J da K suna matsar da sautin gaba ko baya kaɗan-kaɗan har su daidaita. G da H suna yin haka ga rubutun fassara. B yana sauya harshe idan fim ɗin na da murya fiye da ɗaya. E kuma yana tafiya hoto bayan hoto, abin da zai raba gardamar masu kallon kokawar takobi kan wanda ya fara taɓa ƙasa. A ƙarƙashin «Vue» akwai «Contrôles avancés», wanda ke fito da maɓallin maimaita wani yanki daga A zuwa B ba iyaka. Mai hadda da ɗalibin da ke bitar darasi sun fi kowa sanin darajarsa.

Gargaɗi ɗaya: VLC na barin a ɗaga sauti ya haura 100 bisa 100. Ƙananan lasifikan kwamfutar hannu ba sa jure wannan na dogon lokaci, sukan soma kakari.

Game da rubutun fassara, idan fayil ɗin .srt yana dosiye ɗaya da fim kuma sunansu ɗaya, da kansa zai hau. Idan haruffa irin su é da ç suka rikiɗe suka zama wasu alamomi, a shiga «Outils», «Préférences», ɓangaren «Sous-titres», a sauya tsarin haruffa zuwa Windows-1252. Mai rubuta fassarar Hausa kuwa ya ajiye fayil ɗinsa da UTF-8, don shi ne ke ɗaukar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ.

Bidiyo na tafiya yana tsayawa

Wannan matsala ce dabam da ta farko, kuma a nan ne ya kamata a faɗi gaskiya game da iyakar VLC. Warware HEVC aiki ne mai nauyi. Ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 6, na 2015, tana da wani sashe da ke yin sa cikin sauƙi. Waɗanda suka girme ta sai dai su yi da ƙarfin tuwo. Shi ya sa fim na awa biyu zai tafi sumul, amma bidiyon minti uku da aka ɗauka da sabuwar waya a 4K ya sa na'ura haki. Zafi ma na da hannu. A watannin Afrilu da Mayu, kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe mata fanka takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai a ɗora wa manhaja laifin da na ƙura ne.

A cikin «Préférences», ɓangaren «Entrée / Codecs», akwai zaɓin barin katin hoto ya taya warwarewa. Idan allo na yin kore ko yana yayyagewa, a kashe shi. Idan bidiyo na cijewa, a gwada kunna shi. Sai dai a wasu zubin Ubuntu da Debian na shekarun nan, VLC na rumbu ba ya cin moriyar katin hoto yadda ya kamata. A irin wannan hali manhajar mpv ta fi shi. Ba ta da ado, kusan allo ne kawai da madannai, amma tana da sauƙi ƙwarai a kan tsohuwar na'ura. Ana girka ta da sudo apt install mpv, a kunna fayil da mpv --hwdec=auto sannan sunan fayil ɗin. Masu Mint ma suna da ita ba su sani ba, domin Celluloid da ke zuwa da tsarin riga ce aka sa wa mpv. Wanda kuma ya dagula saitin VLC har ya rasa hanya, akwai maɓallin mayar da komai yadda yake a ƙasan shafin «Préférences».

Idan duk wannan bai yi ba, sai a sauya fayil ɗin sau ɗaya a huta. A ƙarƙashin «Média» akwai «Convertir / Enregistrer», inda ake zaɓar H.264 cikin MP4. Ta nan ne kuma ake zare sauti kaɗai daga bidiyo a mayar da shi MP3, a tura a ƙaramar waya ko katin rediyo. Sauya dogon fim yana cin lokaci a tsohuwar na'ura, don haka aikin dare ne, lokacin da ake sa ran wuta za ta zauna.

Akwai abin da babu manhajar da za ta iya. Fayil ɗin MP4 da turawarsa ta yanke a hanya, ta Xender ko ta Bluetooth, sau da yawa ba ya buɗewa sam, saboda taswirar da ke nuna inda kowane hoto yake takan kasance a ƙarshen fayil ɗin, ita ce kuma ba ta iso ba. AVI ya fi sauƙin kai, VLC yakan nemi izinin gyara masa jeri ya kunna abin da ya samu. Haka nan kilen da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4. Sai an mayar da shi exFAT, wanda Linux ke karantawa ba matsala, bayan an kwashe abin da ke ciki, don tsarawar tana share komai.

Tsofaffin faifai

A gidaje da yawa akwai leda ko akwati cike da faifan VCD da DVD na shekarun 2000: bikin aure, suna, saukar karatu, naɗin sarauta, fuskokin mutanen da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Na'urorin kunna su sun mutu, faifan kuma suna karcewa kowace shekara. Kwamfutar da ke da wurin sa faifai, wato irin tsofaffin nan da Windows 11 ta ƙi, ita ce dama ta ceto su. A VLC ana shiga «Média», «Ouvrir un disque», a zaɓi DVD ko VCD. A faifan VCD bidiyon yana cikin dosiyen MPEGAV da suna mai ƙarewa da .DAT, a DVD kuma yana cikin VIDEO_TS da suna mai ƙarewa da .VOB. Faifan da masu ɗaukar biki na gari suka buga ba su da kulle, don haka babu wani ƙari da ake buƙata. DVD na kamfanonin waje ne ke zuwa a kulle, su ne ke neman a girka libdvd-pkg, sannan a bi shi da sudo dpkg-reconfigure libdvd-pkg, kuma wannan matakin sai da intanet.

Ga DVD na biki, kwafe dosiyen VIDEO_TS gaba ɗaya zuwa kwamfuta ya wadatar, VLC zai buɗe shi kamar faifan na ciki. VCD ya fi gardama wajen kwafewa kai tsaye saboda yadda aka rubuta shi, don haka gara a bi ta «Convertir / Enregistrer», a zaɓi shafin faifai, a fitar da shi MP4. Kafin a sa faifan, a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagayensa. Abin da aka ceto kuma a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kile ko katin waya a hannun wani ɗan'uwa a wani gidan.